Allon Sunaye

Tun kafin ladanin Samaru ya sauke murya
na jingina keke a gindin maina,
gwangwanin fenti a aljihu, mai ruwan zinare,
da burushin da gashinsa ya kusa ƙarewa.
Shekara ashirin da shida ke nan
ina share ofis, ina kai takarda, ina dafa shayi,
in kuma aka sauya shugaban tsangaya
ni ke taka kujera in rubuta shi a allo.

Allon na maɗaci ne, a bakin ofis yake rataye.
Suna shida a kansa da hannuna:
suna, shekarar shiga, ɗan layi,
sai fili.
Filin nan ne ba sa son kallo.

Jiya Farfesa Jatau ya kwashe littattafansa a kwalin taliya,
ya bar mini butarsa da kalandar bara.
Shekara huɗu yana kokawa da rufin babban ɗakin karatu
mai ɗiga a kan ɗalibai duk damina.
Ya rubuta wasiƙa sha tara, ni na kai su.
An gyara rabi.
Ya tsaya gaban allo ya ce, Sallau, cike filin.
Na ce, ranka ya daɗe, fenti bai iso ba.
Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Yau ga harabar ta cika da riguna masu faɗi,
huluna masu kusurwa huɗu, tuntu na lilo,
iyaye daga Soba, daga Giwa, daga Maƙarfi,
da kulolin dambu, da zoɓo a jarka.
Masu hoto suna kiran kowa Dakta.
Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa kafin a kira jikanta,
aka yi dariya, ta sake rangaɗawa.

A cikinsu akwai Hansatu, 'yata ta uku.
Rigar haya ce, ta yi mata yawa,
uwarta ta kama ta da fil a kafaɗa.
Allunan shaguna na Sabon Gari ne suka biya kuɗin nan,
mai walda, mai chaji, mai niƙa,
duk Asabar ɗin da na hau tsani.
Tana 'yar shekara tara ita ke riƙe mini gwangwani,
ta ɗaga kai ta ce, Baba, ka manta ɗigo.

Sabuwar shugaba ta zo ba rakiya,
Farfesa Ladidi Shika, jakarta a hammata.
Ta tambaye ni ko sunanta zai shiga layi.
Na ce na shigar da wanda ya fi shi tsawo.
Da ta hau mumbari ba ta yi alkawari ba.
Cewa ta yi, ajin da ke jiranku yara ɗari ne,
alli guda, benci uku,
albashi kuwa sai ya ga dama.
Wanda ya san sunan yaron da ke can baya
shi muka yaye, saura riga kawai suka sa.

Da la'asar, da hayaniya ta lafa,
na taka kujera, hannu na ɗan rawa.
Na rufe shekarun Jatau, lamba huɗu.
Na sauka ƙasa kaɗan, na rubuta Ladidi,
shekara, ɗan layi,
na bar mata filinta.

Hansatu na tsaye, hular a hannu.
An ce mata firamare ce a bayan Kudan,
allonsu bango ne da ake gogawa da gawayi.
Ta ce, Baba, baƙin fentin nan da ya rage a gida fa?
Na ce ɗauki, har da burushin.
Ta dubi allon ta daɗe,
sannan ta ce, wannan karon ba ka manta ɗigo ba.